Yadda ake kafa lambun gida a Kumasi, a kuma raya shi daga damina zuwa hunturu

Wanda yake son ya san ko lambun wani gida na ƙwarai ne, kada ya je kallo a watan Mayu, domin a Mayu komai na Kumasi kore ne shar, har bakin kwata. Ya je a Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ta kwanta a kan ganye, ƙasa ta tsattsage, famfo kuma yana zuwa yau gobe babu. Sannan ya sake komawa a Yuni, bayan an kwana ana sheƙa ruwa, ya ga inda ruwan ya bi da inda ya kwanta. Waɗannan watanni biyu su ne alƙalan lambu a garin nan. Duk matakan da zan jera a ƙasa, shirin fuskantar su ne.

Da kuɗina na koyi wannan. Shekarar da muka tashi daga gidan haya a Aboabo muka tare a namu a wajen Asokore Mampong, na ɗauko wani mai dashen furanni a ƙarshen Oktoba, na biya shi kuɗinsa duka a rana ɗaya. Ya kawo tifa ɗaya ta baƙar ƙasa, ya baje a kan ɓaraguzan gini, ya dasa ciyawa da furanni. Makonni uku gidan ya yi kyau ƙwarai. Kafin Janairu ya ƙare ciyawar ta zama kamar tsohuwar tabarma, furannin suka bi ta. Da ruwa ya dawo, abin da ya fara tsirowa aya-aya ce, wadda ta zo a cikin ƙasar da na saya. Wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin lambu, muna sallah a masallaci ɗaya, shi ya zo ya duba. Ya sa adda ya tona taƙi ɗaya, sai ga fasasshen bulo da ledar siminti. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, a kan kaburburan siminti aka yi maka shuka. Sai mun fara daga ƙasa." Na ce, "To Baba, yadda ka ce haka za a yi."

Mataki na farko: bi sawun ruwa kafin ka sayi ko da fure ɗaya

Ranar da ake ruwa mai ƙarfi, ɗauki lema ka zagaya gidanka. Duba inda ruwan kwano yake zuba, inda yake gudu, inda yake taruwa, da inda na maƙwabci yake shigo maka. Kumasi gari ne mai tudu da gangare, kuma ruwan da yake samu a shekara yana kai wajen milimita 1,400. Wanda yake kan tudu zaizaya ce matsalarsa, wanda yake kwari, kamar masu kusa da kogin Aboabo ko Sisa, kwanciyar ruwa ce tasa.

Sai ka gwada ƙasar. Haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya da rabi a inda kake son yin shuka, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, sake cikawa. In ya shanye cikin 'yan awoyi, wurin yana da kyau. In ka wayi gari ruwan yana nan, saiwa za ta ruɓe a wurin. Maganinsa a ɗaga kwami sama da ƙasa kamar taƙi ɗaya zuwa biyu, ko a yi wa ruwan hanya zuwa gota.

Abu ɗaya da nake yawan gani a sababbin gidaje: ana tara baƙar ƙasa a jikin bango a dasa furanni, a riƙa yi musu ban ruwa safe da yamma. Bayan shekara fenti ya kumbura, ɗaki ya fara warin danshi, a ce laifin mai fenti ne. Bar tazarar ƙafa biyu aƙalla tsakanin bangon ɗaki da kwamin shuka, a zuba tsakuwa a tazarar, kuma ƙasar ta gangara daga bango zuwa waje.

Mataki na biyu: lissafin ruwan rani

Nan ne mutane suka fi ruɗin kansu, don haka zan ɗan daɗe a kai. Ciyawar ado tana buƙatar wajen lita 25 na ruwa a kowace murabba'in mita ɗaya duk mako, in ana so ta zauna kore a rani. Lita 25 shi ne cikin babban galan ɗin nan rawaya da muke kira galan Kufuor. Ke nan filin ciyawa mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 yana shan galan 50 a mako, lita 1,250. Daga Disamba zuwa farkon Maris kuwa makonni goma sha biyu ne ko fiye. Zauna ka tambayi kanka daga ina wannan ruwa zai fito, kuma wa zai ɗebo shi. In kana da rijiya ko burtsatse mai ƙarfi, to madalla. In da famfo kaɗai ka dogara, ka tuna ruwan da ake turo wa gari daga Barekese da Owabi na sha ne da girki, kuma mita tana ƙirgawa. Rage faɗin ciyawar tun a takarda. Ɗan fili kore a gaban baranda wanda za ka iya riƙewa ya fi fili babba da zai ƙone.

Kwanon gidanka ma rijiya ce. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa na milimita 20, ya tara lita 2,000 a zama ɗaya. A sa indararo mai kai ruwa tanki, a bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwano ya zube, a rufe bakin tankin da raga saboda sauro.

Akwai kuma ruwan da kowane gidan Musulmi yake zubarwa sau biyar a rana. Ruwan alwala ba sabulu a cikinsa, ba maiƙo. Ni na sa magini ya yi ɗan magudani daga wurin alwala zuwa gindin ayaba da ciyawar shayi, kuma ko a tsakiyar Fabrairu ba na ƙara musu ko kofi ɗaya. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya shi ma a tara a bokiti. Wanda aka sa wa bilic ko omo mai yawa dai, gota ce wurinsa.

Mataki na uku: zana gidan yadda ake zama a cikinsa

Takarda da biro sun isa. Zana gini, katanga, ƙofa, ramin sokawe, bututun ruwa, da wayar lantarki da ta ratsa ta sama. Sa alamar gabas da yamma. Bangon yamma shi yake shan zafin la'asar, can ake son inuwa.

Sai ka kira uwargida, domin ita ta san tsakar gida. Ina igiyar shanya? Ina ake kafa murhu da manyan tukwane ranar suna ko biki? Ina yara suke wasa? Ina ake shimfiɗa tabarmi in baƙi sun yi yawa? Ina za a ɗaure ragon layya? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce: rago ɗaya cikin kwana uku yana iya cinye shingen da aka yi shekara ana reno. Duk wurin da ƙafa take yawan bi, a daɓe shi da bulon shimfiɗa ko tsakuwa. Bulon shimfiɗa ya fi zubin kankare, saboda ruwa yana samun kafar shiga ƙasa, kuma in bututu ya fashe ana iya ɗagawa a mayar.

Mataki na huɗu: gyaran ƙasa

A kwashe ɓaraguzai, ledoji, ƙusoshi da daskararren siminti tas. A sa diga a farfasa jar ƙasar da motocin yashi suka danne, zurfin ƙafa ɗaya. In an zuba baƙar ƙasa a kan dandaɓaɓɓiyar ƙasa ba tare da an farfasa ta ba, saiwa ba za ta nutsa ba, rani na zuwa shukar ta mutu.

Baƙar ƙasa ana sayar da ita tifa-tifa ko a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Kada a sauke sai ka hau ka duba. Damƙi kaɗan mai danshi: ta ƙwarai tana dunƙulewa, in ka taɓa ta ta warwatse. Wadda take manne wa hannu kamar yumɓu ta fadama ce, wadda take cike da gilashi da leda daga bola aka kwaso ta. Tona ka nemi 'yan ƙwayoyin aya-aya da fararen jijiyoyin tofa. In ka gan su, a mayar. In an riga an baje, yi mata ban ruwa na mako biyu, duk abin da ya tsiro a tumɓuke shi da saiwarsa kafin a dasa komai.

Taki kuwa Kumasi ba ta rasa shi. Gonakin kaji sun kewaye gari, kuma a zango ba a rasa kashin tumaki da na shanu. Sharaɗin dai ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. A tara shi wuri ɗaya, a gauraya da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk mako biyu. Bayan wata biyu, in ka cusa hannu ka ji ba zafi, warin kuma ya koma na ƙasa, ya nuna. Garin katako da ake samu wajen masu yankan katako a Sokoban, kada a cakuɗa shi ɗanye cikin ƙasa: yayin da yake ruɓewa yana janye abincin da shuka take buƙata, ganye ya yi rawaya. A sa shi cikin tarin taki ya ruɓe tukuna. Awon da nake bi a kwami shi ne baro uku na ƙasa, baro ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Mai babban fili da yake son sanin halin ƙasarsa dalla-dalla, akwai Cibiyar Binciken Ƙasa a Kwadaso, ana kai samfuri a auna.

Mataki na biyar: ɗaukar mai aiki

Iri uku ne. Akwai masu renon furanni a bakin titi, waɗanda in ka sayi kaya za su biyo ka su dasa. Akwai kamfanoni masu zane, su kawo komai har fitilu da bututun ban ruwa. Akwai kuma mai zuwa wata-wata da injin yankan ciyawa da almakashi. Kowanne da wurinsa, kuma a kowane rukuni akwai masu amana. Sashen kula da lambuna na gwamnati ma yana da wuraren reno inda ake sayar da dashe, haka nan a jami'ar Kwame Nkrumah akwai sashen koyar da aikin lambu.

Duk wanda za ka ɗauka, kada hoton waya ya ishe ka. Ce masa ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ka gani da idonka, ka gaisa da mai gidan. Sannan ka lura da tambayoyinsa. Wanda ya shigo ya fara tambayar inda kuke samun ruwa da inda sokawe yake, ya san aiki. Wanda ya fara da nuna maka launin furanni, yi hattara.

A rubuta yarjejeniya, ko da a takardar littafin makaranta ce, da shaida ɗaya. A sa sunan kowace shuka, adadinta da girmanta. A faɗi wanda zai kawo ƙasa da taki, tifa nawa, da wanda zai kwashe shara. A raba kuɗi uku: kashi ɗaya na sayen kaya, kashi ɗaya bayan an gama dashe, na ƙarshe bayan wata uku, lokacin da aka ga abin da ya kama. Abin da ya mutu cikin wata ukun shi zai maye, matuƙar kai ma ka cika naka alkawarin na ban ruwa. In ta momo ka biya, wato tura kuɗi ta waya, ajiye saƙon. Kai ma ka riƙe amana: ranar da aka ce za a biya, a biya. Aikin diga a jar ƙasar Kumasi ba wasa ba ne, kuma mun san umarnin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Mataki na shida: zaɓen abin da za a dasa

Fara da itatuwa, domin su ne masu daɗewa kuma kuskurensu ya fi tsada. Filotan yanzu ƙanana ne. Mangwaro yana son tazarar mita takwas ko fiye daga gini, don haka a yawancin gidaje guda ɗaya ya isa, a kusurwa, kuma a nemi mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan gindin wani, wanda yake fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Lemun zaƙi, lemun tsami da gwaiba sun fi dacewa da ƙaramin gida. Gwanda kafin shekara ta zagayo ta fara bayarwa. Zogale a datse shi a daidai ƙugu ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe ya fi ƙarfin hannu. Dangin ceɗiya da durumi, da bishiyar nan mai rassa hawa-hawa kamar lema da ake yawan dasawa a bakin ofisoshi, saiwarsu tana ɗaga daɓe tana neman bututu, a nisanta su da katanga da sokawe. Kwakwa kada ta kasance inda ake ajiye mota ko inda yara suke zama. Ƙarƙashin wayar lantarki kuwa ba a dasa dogon itace ko wane iri ne.

A shinge, iksora mai jan fure tana son ƙasarmu mai ɗan tsami, amma in an dasa ta a jikin sabon siminti ko aka zuba mata toka ganyenta yana yin rawaya. Kuroton sai da rana launinsa yake fita. Bogenbiliya ita ce jarumar rani: ƙarancin ruwa ne ma yake sa ta fure, sai dai ƙaya gare ta, a kai ta kan katanga nesa da hanya. Ni kuwa ina ba kowa shawarar lalle. Yana jure fari, yana karɓar aski, furensa yana ƙamshi da dare, kuma matan gida ba za su bar ganyensa ya lalace ba.

Gida mai yara ko dabbobi ya kula da masu guba. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda, duk jikinta guba ne, ganye kaɗan yana iya kashe tunkiya. 'Ya'yan duranta masu ruwan lemo suna jan idon yara, su ma guba ne. In an yi shingen duranta a riƙa aske shi kafin ya yi 'ya'ya.

Kada a manta da kwamin miya a bayan kicin. Ayoyo, alefu, rama, kuɓewa, barkono, ɗoɗɗoya da na'a-na'a, da kontomire, wato ganyen gwaza, a gefe mai danshi. Kwami biyu masu faɗin mita ɗaya sun isa a riƙa tsinko ganyen miyar tuwon zafi ba tare da an je kasuwa ba.

Ciyawa iri biyu aka fi samu. Ciyawar kafet mai faɗin ganye tana jure inuwa da danshi, ta dace da Kumasi. Kiri-kiri mai siririn ganye tana son rana tsantsa, tana jure taku, in ta bushe a rani ruwan farko yana tayar da ita, sai dai tana kutsawa cikin kwamin furanni in ba a yi mata iyaka da bulo ba.

Mataki na bakwai: ranar dashe

Wajen saye, ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa har sai an fizgo, ko ta nannaɗe kamar gammo, bar shi. Ƙaramin dashe mai lafiya yana wuce babba da ya gaji a leda.

Ramin itace ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi. Ƙasar sama gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. A gauraya ta saman da taki a mayar da ita ciki. A yanke leda da reza a cire ta gaba ɗaya, na sha tono itacen da ya ƙi girma in tarar da ledarsa a jiki. Wuyan dashen ya tsaya daidai inda yake a leda, mahaɗin aure kuma ya kasance sama da ƙasa. A danna da ƙafa a hankali, a yi masa ɗan kwano a gindi, a zuba bokiti guda. A kafa sanda a ɗaure da tsumma sako-sako, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da yamma ake dashe, ko ranar da gari ya yi lumshi.

Ciyawa kuma a baje ƙasa da manjagara, a ja layuka tazarar taƙi ɗaya, a tsattsaga ciyawar a dasa, a bi da ban ruwa kullum na mako biyu in sama ba ta yi ba. Cikin wata biyu zuwa uku na damina za ta haɗe. A wannan tsakanin hannu ne kawai maganin baƙuwar ciyawa, kuma kada a bari a taka.

Aikin kowane lokaci

Iyayenmu da suka zo daga Kano, Sakkwato, Bawku ko Tamale damina ɗaya suka sani, wadda take kai ƙarfinta a Agusta zuwa Satumba. Kumasi damina biyu gare ta, kuma Agusta a nan lokacin ɗan tsaiko ne. Wanda ya riƙe kalandar arewa a kansa zai yi ta saɓa wa lokaci.

Disamba zuwa Fabrairu lokacin gini ne da haƙa: daɓe, magudanai, ramuka, tara taki. Ba a sabon dashe, ba a zuba takin zamani, domin taki a busasshiyar ƙasa ƙuna ne. A lulluɓe gindin kowace shuka da busasshen ganye ko yankakkiyar ciyawa, kaurin yatsu huɗu, amma a bar ɗan fili kewaye da kara saboda gara da ruɓewa. Ganyen da ake sharewa a ƙone a wannan lokaci shi ne abin da lambu ya fi buƙata, ga hayaƙi ga haɗarin gobara. Ban ruwa da sassafe bayan asuba, a ƙoshi sau biyu ko uku a mako, ya fi yayyafi kullum, wanda yake sa saiwa ta tsaya a sama. In ruwa ya yi ƙaranci a fara da sababbin itatuwa, sai kayan miya, sai shinge, ciyawa ce ta ƙarshe. A ɗaga wuƙar inji a bar ta da ɗan tsawo. Sau ɗaya a mako a watsa wa ganye ruwa ƙura ta sauka.

Ƙarshen Fabrairu a duba itatuwa a sare busassun rassa da waɗanda suka hau kwano, domin ruwan farko na Maris da iska mai ƙarfi yake zuwa. A yashe gota da indararo. Kada ruwan farko ya ruɗe ka, yakan yi sau ɗaya ya ɗauke mako biyu, ga zafi. Jira sai ƙasa ta jiƙu zurfin taƙi biyu, galibi cikin Afrilu, sannan a yi babban dashe. Abin da aka dasa a Afrilu yana da watanni bakwai ko takwas na kafa saiwa kafin hunturu. Nawa na Oktoba makonni shida kawai ya samu.

Mayu da Yuni aiki ya fi yawa. Ciyawa tana son yanka duk kwana goma zuwa mako biyu, kuma ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya. Masu langa-langa da injin kafaɗa sukan aske ta har ƙasa don a ga sun yi aiki, wannan kuwa ƙofa ce ga baƙuwar ciyawa. A faɗa musu tun farko. In za a sa takin zamani 15-15-15, cikin tafin hannu ɗaya ya ishi ƙaramin itace, a zagaya shi nesa da kara daidai inda inuwar rassa ta tsaya, a rufe da ƙasa. Ciyawar Acheampong da take shigowa daga kangon maƙwabta a tumɓuke ta tun tana ƙarama, kafin ta yi fure a rani iska ta watsa irinta. A riƙa zubar da ruwan da ya kwanta a faranti, taya ko gwangwani saboda sauro, kuma kada a bar duhuwa a jikin katanga, maɓoyar maciji ce.

Ƙarshen Yuli zuwa Agusta gari yana yin sanyi da lumshi, ruwa ya ja baya. Lokacin gyaran fuska ne: a rage wa mangwaro rassa bayan an gama cin 'ya'yansa, a daidaita shinge, ƙasa ya fi sama faɗi don rana ta kai ko'ina. A yanki rassan kuroton, lalle da iksora a kafa a leda a inuwa, su ne za su cike gurbi kyauta. Sababbin dashe dai a duba su, in mako ya wuce ba ruwa a ba su.

Satumba da Oktoba ƙaramar damina ce. A cike gurabun da suka mutu tun farkon Satumba, a sake shuka kayan miya, a zuba taki na ƙarshe a Oktoba. Nuwamba a cika tankuna, a fara tara ganyen lulluɓi.

Ƙwari

Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da suke manne wa gwanda da furanni, da ƙananan masu tsotson ganye, sun fi yawa a rani. In ka ga tururuwa tana hawa da sauka a kan shuka, juya ganyen ka duba bayansa. A yanke reshen da ya fi kamuwa a binne. A daka ganyen dalbejiya ko 'ya'yanta, a jiƙa kwana ɗaya, a tace, a narka ɗan sabulun salo a ciki, a fesa da yamma duk mako har sau uku. Dodon koɗi a damina da tocila ake tsince shi da dare. Mangwaro da lemun da suka faɗo kada a bar su a ƙasa, a cikinsu ƙudan 'ya'yan itace yake hayayyafa, a ƙulle su a baƙar leda a ajiye a rana.

In sai an sayi magani, a je shagon kayan noma na ƙwarai, a duba rajistar hukumar kare muhalli ta EPA a jikin kwalba, a bi awon da aka rubuta. Kada a karɓi wanda aka ɗura a gorar ruwa ba suna. Mai feshi ya rufe hanci da hannu, a shigar da yara da dabbobi, a kwashe shanya, kuma maganin furanni kada ya kusanci kwamin miya.

Mai zaman haya da mutanen Accra

Wanda yake ɗaki da falo a gidan haya a Asawase ko Sabon Zango shi ma yana da rabo. Tsohon bokiti, buhun shinkafa ko galan da aka yanke, a huda ƙasansa, a ɗora a kan bulo biyu don kada ya ɓata daɓe, a nemi izinin mai gida da yardar maƙwabta. Na'a-na'a, barkono da ayoyo suna yi sosai a haka. Tukunya dai tana saurin bushewa, a hunturu kullum sai an ba ta ruwa.

'Yan'uwa na Nima, Madina da Ashaiman su rage lissafin nan: ruwan Accra bai wuce kusan rabin na Kumasi ba, ƙaramar daminarsu ba ta da ƙarfi, kuma na kusa da teku suna fama da iska mai gishiri. Can kiri-kiri, bogenbiliya da lalle sun fi ciyawar kafet sauƙin riƙo, in kuma ruwan burtsatse yana da ɗanɗanon gishiri a gwada shi a kan tukunya ɗaya na 'yan makonni kafin a ba lambu duka.

In za ka yi doguwar tafiya a rani, kada ka ce wa yaro "ka riƙa ba su ruwa" kawai. Zagaya da shi, nuna masa kowace shuka, faɗa masa bokiti nawa da ranakun, rubuta a kwali ka liƙa a jikin tanki. Sababbin itatuwa kuma a huda murfin manyan gorunan ruwa da ƙusa, a cika, a kifa su a gindi, suna ɗiga a hankali kwana biyu zuwa uku kafin a sake cikawa.